Tsohuwar Fijo: Akwala Ce Ko Abin Gado?

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota a ƙasar nan ya saba da jin magana iri biyu. Ta farko daga 'yan uwa da abokan arziki take fitowa, cikin tausayi: "Malam, har yanzu ba ka rabu da wannan akwalar ba? Allah Ya hore maka wata." Ta biyu kuwa a gidan mai ake jin ta, ko a ƙofar masallaci bayan an sallame, daga bakin wani dattijo da zai daɗe tsaye yana kallon motar, ya shafa jikinta, sannan ya ce, "Ɗana, wannan haɗin Kaduna ce ko? Da irinta na koyi tuƙi." Mota ɗaya ce, amma wancan talauci ya gani, wannan kuwa ƙuruciyarsa ya hango.

Bari in raba abu biyu tun da wuri. Akwai wanda yake hawan tsohuwar mota don ita Allah Ya ba shi. Yau a ɗaure salansa da waya, gobe sai an tura kafin ta tashi, ranar da ya samu hali zai rabu da ita ba waiwaye. Wannan lalura ce, kuma ba abin kunya ba ce. Akwai kuma wanda yake da abin hawansa na zuwa aiki, amma ya ajiye tsohuwa a gefe don so kawai. Ranar Asabar da safe ya ɗaga banet, ya goge fulogi, ya kasa kunne yana sauraron inji kamar uwa mai sauraron numfashin jaririnta. Zai iya yin wata uku yana cigiyar murfin fitilar baya na asali. A kan wannan mutumin nake rubutu, domin a wurinmu ba a gama yarda cewa abin da yake yi yana da kan gado ba.

Alhali mu ne ya kamata mu riga kowa fahimtarsa. Bahaushe ya daɗe da daina fatauci a kan doki, amma har gobe akwai gidajen da ake ɗaure doki a turke, a saya masa harawa da dusa da kanwa, a yi masa wanka, a ɗinka masa kayan ado, duk don hawan sallah da kilisar yamma. Ba wanda ke ce wa mai dokin "Allah Ya hore maka mota." An san abin da yake riƙe da shi ya wuce abin hawa.

A wasu ƙasashe tsohuwar mota ta kai wannan matsayi, har doka ta san da zamanta. Ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin ababen hawa, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30, aka kuma riƙe ta cikin siffarta ta asali, ba a mai da ita motar zirga-zirgar yau da kullum ba. A Jamus tun 1997 ake bai wa irin wannan mota lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, bayan masani ya duba ya tabbatar ba a ɓata asalinta ba. A Birtaniya sai ta kai shekara 40, sannan a ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata gagarumin sauyi ba. Ma'anar duk waɗannan dokoki ɗaya ce: mota tana iya tsufa ta zama shara, tana kuma iya tsufa ta zama shaida.

To mu, wace mota ce shaidarmu? A ganina ba gardama, Peugeot 504 ce, wadda bakinmu ya mayar Fijo. An fara nuna ta a birnin Paris a watan Satumban 1968, bayan yajin aiki da tarzomar watan Mayun shekarar sun jinkirta fitowarta. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya tsara siffarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Amma ba a titunan Faransa ta yi suna na haƙiƙa ba. A Afirka ta yi shi, inda hanya take ƙarewa tafiya ba ta ƙare ba. Da ita Ove Andersson ya ci tseren Safari na Kenya a 1975, Jean-Pierre Nicolas kuma ya sake cin sa a 1978 da samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida. Sirrin ba wani ɓoyayye ba ne: sifirin mai doguwar tafiya da ke haɗiye rami, ƙasan mota mai tsayi, jan taya ta baya, da inji marar rikitarwa.

A 1972, shekarar da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, aka yi rajistar kamfanin Peugeot na Nijeriya, PAN, kuma a 1975 ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna. A shekarun farko, lokacin da tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti, ta sama ake ɗauko sassan daga Liyon a sauke su a Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Zamanin ne da aka yi Volkswagen a Legas, Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, manyan motocin Fiat a Kano, na Mercedes a Enugu. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta mai da 504 motar hukuma, daga kwamishina har babban sakatare. Doguwarta mai ƙofa biyar ta cika tashoshin mota daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ta ƙetara zuwa Maraɗi da Damagaram. A-kori-kurarta ta kwashi gyaɗa da auduga da amare. Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983, Ajantina ta ci gaba har 1999, Kaduna kuwa ta yi ta fitar da ita sama da shekara 20 bayan masu ita sun ajiye. Ba na jin akwai wani abu mai inji da hannun mutanen Arewa ya haɗa wanda ya shiga rayuwar jama'a kamar wannan mota.

Shi ya sa abin ke min ciwo idan na ga ana sassara ta da guduma ana ɗora wa sikeli.

Wanda ya ƙuduri niyyar riƙe irin wannan mota, kuskuren farko da yake yi shi ne fara aiki daga inda ido ke gani. Sai ka ga an kashe kuɗi a fenti da sababbin kujeru da rediyo mai ƙara, alhali birki na yoyo. Tsarin da ya dace akasin haka ne, kuma tun ranar saye yake farawa. Inji ba shi ne abin tsoro a 504 ba, domin ana sauke shi a mai da shi sabo. Tsatsa ce abin tsoro. Ƙaramar 504 ba ta da shasi daban da bodi, jikin ne ke ɗauke da nauyin komai, saboda haka in tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, da daɓen ƙarƙashin kafet, da mazaunin shokazoba, to ƙashin motar ne ya ruɓe. A ɗaga kafet a duba, a fitar da safaya a leƙa raminta, a shiga ƙarƙashi da tocila. A kuma tafi da ɗan maganaɗisu a riƙa manna shi a jiki: inda ya ƙi kamawa, foti aka cika wurin da shi aka shafe da fenti. A nan Arewa muna da sa'a, busasshiyar iskarmu tana kare ƙarfe, don haka motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram takan fi wadda ta zauna a bakin teku lafiyar jiki, ta kuma fi wadda aka kawo daga Turai inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Namu maƙiyan rana ce da ƙura: su ke fasa dashbod, su busar da robobin ƙofa da na gilashi, su cinye fenti. Rumfa, ko da ta kwano huɗu ce, ta fi kowane irin man goge mota amfani.

Bayan jiki sai abin da ke tsayar da mota. Man birki yana shan laimar iska a hankali, ruwan da ya shiga cikinsa ya sa tsatsa a bututu, ya kuma tafasa idan birki ya ɗau zafi a gangara, sai feda ta nutse ba komai. Don haka ake canza shi duk shekara biyu, ko da motar ba ta je ko'ina ba. Zuba ruwan sabulu a madadinsa, kamar yadda wasu ke yi a hanya, wasa da rai ne. Tiyo-tiyon roba da ke kai mai zuwa tayoyi su ma suna tsufa daga ciki, inda ido ba ya gani. Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu a ƙarshen dogon rubutun da ke gefe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Motar sha'awa ba ta yawan tafiya, saboda haka zanen tayarta zai yi kyau kamar sabo alhali robar ta mutu. Masu ƙera taya da kansu ba sa yarda a wuce shekara 10 da ita, zafin ƙasarmu kuwa yana rage wannan wa'adi.

Inda nake so in daɗe shi ne maganar ruwa, domin nan ne aka fi kashe injunan 504 a ƙasar nan. Injinta mai cin fetur da muka fi sani silinda huɗu ne, cc 1971, an jingina shi a karkace cikin ɗakinsa. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa, wato tof silinda, alminiyam ne. Silib ɗin da fistin ke kai da komo a ciki ba a haɗe suke da gangar ba, zura su ake yi, ruwa yana zagaya su kai tsaye. Wannan tsari alheri ne ga mai gyara: in sun cinye sai a zare a sa sababbi tare da fistin da ringi, inji ya dawo ɗanye. Amma yana da sharuɗɗa. Ba ya son zafi ya wuce kima, domin alminiyam yana lanƙwashewa, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai har ka zaro sandar awo ka ga abu kamar kunun gyaɗa. Ba ya son a juya karanshaf bayan an ɗaga tof silinda ba tare da an danne silib ɗin ba, domin suna iya motsawa su saki abin da ya toshe ruwa a gindinsu. Ba ya kuma son ruwan rijiya ko na burtsatse, wanda ke barin gishiri-gishiri yana toshe hanyoyin lagireto, yana cin alminiyam daga ciki. Ruwan lagireto na gwangwani ba don ƙasar sanyi kaɗai aka yi shi ba. Akwai maganin tsatsa a cikinsa, kuma ya fi ruwa zalla jure zafi kafin ya tafasa.

Sai tamostat, wanda ya sha zalunci a hannun makanikanmu. Da mota ta fara zafi sai yaro ya kwance shi ya jefar, ya ce, "Oga, wannan na Turai ne, nan ba a buƙatarsa." Ba haka ba ne. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. In aka cire shi, inji zai daɗe yana aiki da sanyi, musamman da asubar hunturu, ya sha mai fiye da kima, fetur ya wanke man da ke jikin silinda, ringi su cinye da wuri. Ciwon da ya kawo zafin kuma yana nan inda yake: lagireto a toshe, ko murfinsa ya saki, ko fambel ya yi sako-sako, ko famfon ruwa ya gaji. An kori mai gadi ne an bar ɓarawo a ɗaki.

Sauran hidimar ba wuya gare ta ba, naci take so. Baƙin mai da matatarsa a kan lokaci, ko da ba a cika kilomitocin ba, domin mai yana lalacewa da zama. Matatar iska a riƙa duba ta sosai a watannin ƙura. A daidaita tafet, a duba kwantak da kwandensa, a saita taimin, a wanke kafireto. A riƙa tayar da motar ana fita da ita ta yi tafiya mai ɗan nisa, ba a bar ta tana ƙugi a tsaye na minti biyar ba, don mota ta fi lalacewa a ajiye fiye da a kan hanya. Sannan a sayi littafi na rubutu a ajiye a aljihun mota, duk abin da aka canza a rubuta rana da kilomita da kuɗi. Wani malamin makaranta a Amurka, Irv Gordon, ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966, ya yi ta hawa har ta cika mil miliyan 3 a 2013, wato sama da kilomita miliyan 4 da dubu 800, kuma tana hannunsa har ya rasu a 2018. An sauke injin an gyara fiye da sau ɗaya a tsawon wannan lokaci, amma abin da ya riƙe motar shi ne bin ƙa'idar sabis ba fashi.

Kayan gyara suna nan, sai dai neman su ya zama sana'a. Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ko Katako a Yamai, ko Suame Magazine a Kumasi, ya san cewa abu uku ne a kasuwa: tsohon na asali da aka ciro daga wata mota, sabo mai kyau, da sabo jabu cikin kwali mai ɗaukar ido. Ƙa'idata ita ce, duk abin da yake ƙarfe ne ko gilashi ko ado, kamar ƙofa, bamba, fitila, mariƙin ƙofa, gara tsohon na asali. Duk abin da yake roba ne ko na birki ko na sitiyari, sabo kawai, daga hannun wanda zai karɓa in ya ƙi. Araha ba ta ado, a birki kuwa kisa take yi. A Faransa kamfanin yana da gidan tarihinsa a Sochaux tun 1988, kuma akwai masu sayar da sassan tsofaffin samfura ta intanet, amma da canjin kuɗi na yau wannan sai abin da ya gagara a gida.

Abin da ya fi sassa ƙaranci shi ne hannu. Makanikan da suka koyi aiki a masana'antar Kaduna ko a garejin dilolinta, waɗanda ke ɗora kunne a kan sukudireba su gaya maka wane bawul ne ke kuka, sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Yaran yanzu sun ƙware a na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, kuma ba laifinsu ba ne, abin da kasuwa ke nema ke nan. Amma 504 ba ta da inda za a jona mata komai. In ka samu irin wannan dattijo, kada ka ajiye masa mota ka tafi. Zauna a kan benci, miƙa masa sifana, ka ce, "Baba, me ya sa ka yi haka?" Rabin daɗin wannan sha'awa a nan yake, kuma ilimin da ba a tambaya ba tare da mai shi ake binne shi.

Yanzu ga tambayar da ta fi raba kan masu wannan harka: a bar mota yadda aka ƙera ta, ko a sabunta ta? Akwai masu tsauri da ke ganin ko dunƙulen giya aka canza an ci amanar tarihi. FIVA ma tana da kundin ƙa'idoji da ake kira Yarjejeniyar Turin, wadda ta fara aiki a 2013, kuma ruhinta shi ne a taɓa kaɗan, a rubuta abin da aka taɓa, a yi shi yadda za a iya warwarewa. A ɗaya gefen akwai masu cewa mota ta mai ita ce, in ya so ya zare injin Fijo ya dasa na Toyota, ya yanke dashbod ya liƙa allo, ya sa manyan ƙafafu masu walƙiya. Sukan kafa hujja da Kyuba, inda motocin Amurka na shekarun 1950 ke yawo har yau, da yawansu da injunan dizal na wasu kamfanoni. Sai dai mutanen Kyuba takunkumi ne ya tilasta musu, ba zaɓi suka yi ba, kuma haya suke yi da motocin don ciyar da iyali. Hujjar mai lalura ba ta zama hujjar mai sha'awa.

Matsayina yana tsakiya, amma ba tsakiyar rashin ra'ayi ba. Duk sauyin da zai kare rai, ina goyon bayansa ba tare da jinkiri ba. Bel mai maɗauri uku, irin wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959, a sa shi gaba da baya, a kafe shi a ƙarfe mai lafiya, ba a daɓen da tsatsa ta ci ba. Fitilun gaba a sa musu rile, domin wutar ta daina bi ta tsohon makunni tana raunana kafin ta isa ƙwai. Tsofaffin wayoyin da suka bushe a sauya su da hannun rewaya na ƙwarai, a sa fis daidai da ƙa'ida, ba a naɗa waya a gurbinsa ba, don yawancin gobarar tsofaffin motoci daga wuta ko tiyon fetur take tashi. A ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai. Bayan wannan sai sauyin da ke sauƙaƙa rayuwa ba tare da ya ɓata kama ba: na'urar tartsatsi ta zamani a maimakon kwantak, wadda ke ɓuya cikin distiributa ba mai ganinta, fanka mai aiki da lantarki don cunkoson gari, giya mai hawa biyar ta 505, wadda wasu ke ɗorawa don inji ya huta a doguwar hanya. Na'urar sanyaya ɗaki ta da da gas ɗin R12 take aiki, wanda aka daina saboda illarsa ga sararin sama bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Ana iya mai da ita ta karɓi R134a, amma sai an wanke bututu an canza manta da robobinta. Sharaɗina a duk waɗannan ɗaya ne: abin da aka cire a goge shi a sa a kwali a ajiye, kada a yanke, kada a huda inda ba za a iya mayarwa ba.

Dasa baƙon inji kuwa, a motar da injinta na asali ke iya gyaruwa, ban yarda da shi ba. Ƙarar 504, da yadda take ja daga ƙasa, da yadda giyarta ke shiga, su ne motar. In aka cire su saura kwanso. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: inji mai ƙarfin da ya ninka na asali, a kan birki da sifirin da aka auna don na asali, hatsari ne. Wanda ya ga dole sai ya yi, to ya gyara takardunsa lambar inji ta dace da abin da ke cikin mota.

Maganar gas ta shigo da ƙarfi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya ninka ya sake ninkawa. Inji mai kafireto yana karɓar gas ɗin CNG, kuma ga mai hawan motar kullum akwai sauƙi a ciki. Amma tukunyarsa tana ɗauke da matsin da ya kai bar 200, ba irin tukunyar girki ba ce, ba kuma abin da mai walda zai haɗa ba ne. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wurin shan gas a Benin ta jihar Edo, mutane suka jikkata, hukumomi suka ce tukunyar haɗin gida ce. Ga motar sha'awa da ke fita sau ɗaya a mako, ban ga abin da zai sa a huda but a ɗora mata wannan nauyi ba.

Masu sukar wannan sha'awa suna da gaskiya a wurare, kuma bai kamata a rufe su da surutu ba. Tsohuwar mota ta fi sabuwa shan mai da fitar da hayaƙi. Ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma duk kaurin ƙarfenta, motar zamani ta fi ta kare wanda ke ciki idan aka yi karo, domin an ƙera gabanta ya lotse ya shanye bugun kafin ya iso ga mutum. Masu cewa "motar da ƙarfe ce, ta yanzu gwangwani" su daina yaudarar kansu a wannan fanni. Saboda haka ba motar da za a ɗebi yara a kama hanyar dare da gudu ba ce. Ba kuma jari ba ce. Gaskiya ne a 2011 an yi gwanjon farar 504 ƙirar 1977 ta shugaban Iran na lokacin, Mahmud Ahmadinejad, a kan kusan dala miliyan 2 da rabi, amma sunan mai ita aka saya. Abin da ka kashe wajen gyara taka da wuya ka mayar da shi ranar sayarwa. Wanda kuɗin makarantar 'ya'yansa ko cefanen gidansa zai taɓu saboda fenti, ya haƙura tukuna. Motar za ta jira in an rufe ta da kyau, haƙƙin iyali ba ya jira. Amma wanda ya sauke nauyin da ke kansa, ya ware abin da ya rage don ya raya abin da mahaifinsa ya hau, yana koyon sana'a da hannunsa, yana zama da dattawa, yana jan ɗansa kusa da shi a gindin mota maimakon ya bar shi da waya, ban ga inda almubazzaranci ya shigo ba.

Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Legas, mutane na zuwa kallonta. Ta cancanci haka. Amma tarihi ba na ranar baƙin ciki kaɗai ba ne. Motar da ta kai malamai ƙauye, ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai alhazai filin jirgi, ita ma tana da haƙƙin a tsayar da ita a wuri mai rufi da bayani a gefenta. Ina kira ga gidajen tarihinmu na Arewa da kwalejojin fasaha su nemi 504 haɗin Kaduna, ƙarama da doguwa da a-kori-kura, tun ana samun masu lafiya. A kwaleji ma ta fi allo koyarwa, domin ɗalibi zai ga kowane sashe da idonsa ya kama shi da hannunsa.

Kai kuma mai karatu, in akwai ɗaya a gidanku, tana kwance a gindin darbejiya tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na kwana a ƙarƙashinta, kada ka kira 'yan gwangwan a wannan makon. Share ƙurar, ɗaga banet, ka rubuta lambar shasi da ta inji. Nemo takardunta a akwatin Baba. Kada ka yi gaggawar sa batir ka murza makulli, domin injin da ya shekara a tsaye sai an zare fulogi an ɗiga mai a silinda an juya shi da hannu tukuna. Ka yi mata inuwa, sannan ka je ka ɗauko dattijon makaniki ya duba ta. In ya ce za ta tashi kuma ba ka da halin riƙe ta, ka sayar wa wanda zai gyara, ko da tayinsa bai kai na mai sikeli ba.